Dara a Kwalin Ƙwai

Zagi ne ya haɗa ni da Baba. Ina tura ɗana a keken jarirai a wani layi na Tottenham, ranar da rana ta ɗan leƙo, sai na ji daga bayan shinge ana cewa, "Tsinannu, 'yan banza, ubanku ne ya shuka?" Hausa ce tsaf, irin ta mutanen da, wadda rabona da jin irinta tun kakata tana da rai. Na tsaya na leƙa. Wani tsoho ne dogo, da hular ulu da kwat a kan riga 'yar shara, yana korar tattabaru daga kan alayyahonsa da sandar tsintsiya. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya juyo ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Ke kuma 'yar gidan wa ce, da za ki tsaya kallo ba za ki taya ni kora ba?"

A lokacin muna zaune a wani ɗan flat a ƙarshen layin, ni da maigidana da yaronmu. Maigidan yana karanta labarai da Hausa a gidan rediyo can cikin gari, ni kuwa aikina raino da jiran ya dawo. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya ɓalle a gida, mutanenmu suka cika Landan: masu zuwa ganin likita, masu zuwa sayayya, da masu zuwa don kawai a ce sun zo. Duk yawansu ba wanda ya san da Baba, don ya riga kowa zuwa. Tun yana saurayi ya bar ƙauyensu a ƙasar Haɗeja ya sauka Ikko, ya shiga jirgin ruwa yana zuba gawayi a wuta, jirgi ya ajiye shi a Ingila ya zauna. Ya yi aiki a masana'antar kujeru har ƙarfinsa ya ƙare. Ya auri wata Baturiya, ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya yi ritaya sai council, wato ƙaramar hukumar yankin, ta ba shi ɗaki a gidan tsofaffin da ke bayan shingen nan.

Ranar farko da ya ce in shigo, sai da na yi jinkiri a bakin ƙofa. Ni ma na taso da jin cewa Turawa jefar da iyayensu suke yi a irin waɗannan gidaje, na zaci zan tarar da wari da mutane kwance. Ba haka na tarar ba. Kowa da ɗakinsa da makullinsa, ga babban falo na kowa da kowa, ga ɗakin cin abinci mai dogon teburi, ga lambu a baya da aka yanka wa duk mai so ɗan fili. Akwai wata mata mai kula da gidan, mai faɗa amma mai kirki. In Baba ya makara bai fito karin kumallo ba, kafin shayi ya huce wani ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, kuma ba ya dainawa sai an amsa. Wata tsohuwar Baturiya da kunnenta ya yi nauyi ta ɗauki nauyin yi masa faɗa kan fita ba mayafin wuya. Shi kuma ya rama da Hausa, ita ba ta ji, kowa ya tashi ya gamsu.

Babban abokinsa wani tsoho ne ɗan Jamaika, gajere mai tumbi, wanda ya yi ritaya daga aikin kwandastan bas. Kwandasta muke ce masa. Ban taɓa ganin abota mai yawan rigima irin tasu ba. Baba ne ya koya masa dara. Da yake ba a haƙa rami a falon Bature, sai Baba ya samo kwalin ƙwai daga kicin, irin babban nan mai faɗi, ramukansa suka yi daidai da gidajen dara. 'Ya'yan Baba farin wake ne, na Kwandasta kuwa maɓallan tsohuwar rigar aikinsa. Kullum bayan abincin rana suna nan a gindin taga, kai da kai. Kalmar Hausa guda Kwandasta ya iya, wato "ɓarawo", kuma yana morar ta sosai. In ya ci Baba sai ya tashi ya taka rawa da tumbinsa, ya dawo ya daki kafaɗarsa. Baba ya yi ta huci yana cewa, "Dubi ƙaton banza, ni fa na koya masa." Da azumi mai girkin gidan takan ajiye wa Baba abincinsa har faɗuwar rana, Kwandasta kuma ya daina kunna lofensa a gabansa, sai dai ya wuni yana mitar azumin wani ya hana shi shan taba.

Na taɓa tambayarsa, "Baba, ba ka kewar gida?"

Ya ce, "'Yar nan, wa zan tarar? Waɗanda suka san ni duk suna ƙasa. A nan ko tari na yi sai wani ya leƙo ya ce na dame shi. Ai shi ke nan zama da mutane."

Maigidana da ya ji labarinsa sai ya ɗauki na'urarsa ya je ya yi hira da shi, aka sa a rediyo. Hira ce mai daɗi. Baba ya ba da labarin jirgi da na sanyin farko da ya sha a ƙasar. Amma mutanenmu a gida ba wannan suka ji ba. Abu ɗaya ne ya shiga kunnensu: akwai dattijo Bahaushe, Musulmi, a gidan gajiyayyu a Landan, cikin waɗanda ba sa salla, ba nasa ko ɗaya.

Cikin masu sauraro akwai wani Alhaji ɗan kwangila daga Kano, wanda siminti ya yi wa rana a shekarun nan. Yana da flat a Marylebone inda yake sauka in ya zo ganin likitan hawan jini. Ya iso Landan da maganar a bakinsa. Bayan sallar Juma'a a masallacin Regent's Park ya tara maza, 'yan rediyo da ɗalibai da likitoci da ma'aikatan gwamnati da suka zo kwas, ya ce abin kunya ne a kanmu duka. Wai ƙasarmu ta yi arziki har tana ba wasu, sannan a ce tsohonmu yana cin sadaka a hannun Bature. Ba wanda ya ce a je a tambayi tsohon tukuna. Aka yi addu'a aka shafa.

Maigida ya dawo yana ta murna. Na ce, "Malam, mutumin nan fa lafiyarsa ƙalau a can. Ka gani da idonka."

Ya ce, "Ke dai ba ki san kawaicin mutanen da ba. Da kansa zai ce miki yana wahala?"

Na ce ni dai ban taɓa ganin mai wahala yana wuni yana dariya ba. Ya ce maganar maza ce, kuma an riga an gama.

Ina falon ranar da suka zo. Motoci suka cika layin. Suka shigo da manyan riguna suna ƙamshin turare, suka tarar da Baba da Kwandasta a kan dara. Gaba ɗayansu suka zube suka durƙusa a gabansa, har da Alhaji da hawan jininsa. Tsofaffin Turawa suka saki baki suna kallo. Baba ya yi maza ya ture kwalin gefe, kamar wanda aka kama yana abin kunya. Ina jin ba a taɓa durƙusa masa ba a rayuwarsa, don ya bar gida tun kafin ya kai shekarun da za a yi masa. Na ga idonsa ya kawo ruwa.

Alhaji ya ce, "Baba, ka yafe mana, ba mu sani ba. Daga yau wahalarka ta ƙare."

Baba ya ce, "Ai Alhaji nan ma alhamdu lillahi, ba abin da na rasa."

Alhaji ya juya ya kalli sauran yana girgiza kai. "Kun ji dattako ko? Allah ya bar mana irinku, Baba."

Haka aka yi ta yi. Duk sanda ya ce lafiya yake, sai su ƙara yaba haƙurinsa. Shi kuma ba zai iya buɗe baki ya ce wa manyan mutane da suka durƙusa masa ba ya so ba. Duk daɗewarsa a Ingila ba ta cire masa wannan ba. Matar da ke kula da gidan ta ja shi gefe ta tambaye shi da Turanci ko da son ransa ne. Ta gaya masa in ya saki ɗakin nan wani za a ba, don masu jira suna da yawa. Ya kalle ta, ya kalli manyan rigunan da ke jiransa, ya ce eh, 'yan'uwansa ne. Kafin mako ya zagayo an kwashe kayansa. Kwandasta ya zuba masa waken a aljihu, ya naɗe kwalin a jarida ya miƙa masa, ya ce shi zai samo wani a kicin.

Flat ɗin Alhaji yana can hawa na sama, ga kafet da ƙafa ke nutsewa a ciki, ga talabijin mai launi, ga farin tarho. Lambu babu, tagar ma ba ta buɗuwa sosai. Alhaji ya yi 'yan kwanaki ya koma Kano. Mu mata aka raba mana ranakun girki, mai ranar ta karɓi makulli wurin mai gadin ginin ta hau. Kuma wallahi an yi girki, tuwon shinkafa da miyar kuka da ake aiko mana daga gida, da kaza kusan kullum. Sai dai yadda muka saba ba dattijo abinci, haka aka ba shi. A yi sallama, a durƙusa daga bakin ƙofa, a ajiye kwanuka, a ce, "Baba ga abinci," a ja da baya a fita. Wa zai zauna ya sa hannu a kwano ɗaya da sa'an kakansa? Maza ma haka. Su zo bayan Juma'a su jeru a kafet kai a ƙasa, barka da hutawa Baba, ya ƙarfin jiki, ya sanyi, Allah ya ƙara lafiya. Duk abin da ya faɗa, amsa ɗaya ce: haka ne, Baba. Ya gaya mini wata rana da gangan ya ce musu Landan tana gabas da Makka, suka ce haka ne.

Mutumin da ya saba a yi masa musu daga safe har yamma ya dawo ba mai ƙaryata shi. Ni nakan zauna in ɗan ja shi da hira, to amma ni ba sa'arsa ba ce, ga yaro a hannu, ga doguwar tafiya a jirgin ƙarƙashin ƙasa, ga girkin gida yana jirana.

Wata Juma'a ya fito da kwalin ya ce da wani ɗalibin likitanci da ya iya dara su buga. Saurayin ya ce wane shi. Da ƙyar ya zauna, a ɗarare, aka ba shi tsinken ashana a matsayin 'ya'ya. Ina kallo daga ƙofar kicin. Duk sanda hanyar ci ta buɗe masa sai ya kawar da ido ya matsa wani ɗan daban. Baba ya cinye shi tas, sauran suka ce ai Baba gwani ne. Baba ya daɗe yana kallon saurayin, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya kwashe wakensa ya tura kwalin ƙarƙashin gado.

Kwandasta ne ya so ya gyara abin. Mutumin da ya san kowace bas a garin, sai ya fara zuwa duk mako, da tumatirin lambun Baba a jakar takarda da maɓallansa a aljihu. Duk ranar da ya zo, tun daga lif ake jin rigimarsu. Baba ya koma cinye abincinsa. Ana haka Alhaji ya dawo daga Kano ba sanarwa. Ya buɗe ƙofarsa ya tarar da wani gajeren mutum da takalmi a kan kafet ɗinsa, da lofe a baki, yana dukan kafaɗar Baba, yana kiran sunansa gatsal, yana ce masa ɓarawo. Ban ga wannan da idona ba, Baba ne ya ba ni labari yana kallon bango. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ƙofa kawai ya buɗe ya riƙe har Kwandasta ya gane ya tattara maɓallansa. Daga baya ya ce wa mai gadi kada a sake barinsa ya hau. Ga maza kuwa cewa ya yi, "Kun ga irin wulaƙancin da yake sha a can? A gabana ma ke nan."

Na ce, "Baba, me ya hana ka ce abokinka ne?"

Ya ce, "A gidan mutum, ina cin abincinsa?"

Da zafi ya shigo iyalin Alhaji suka zo hutu da sayayya, manya da yara da akwatuna. Aka mayar da Baba ƙaramin ɗakin ajiye kaya. Daga nan aka ce yara suna damunsa, gara ya ɗan zauna wurin wani likita a wata unguwa. Likitan aka yi masa canjin asibiti, aka kai Baba gidan wani ma'aikaci. Kowa ya karɓe shi da durƙuso da kaza, kowa kuma tun ranar ya fara tunanin wanda zai miƙa wa. Ba wanda ya yi masa rashin kunya ko sau ɗaya, wannan kam zan ba da shaida. Cikin ladabi aka yi ta yawo da shi da akwatinsa har ya faɗo gidanmu, a kan doguwar kujerar falo, a ƙarshen layin da muka fara haɗuwa. Ya rame, kwat ɗin nan tana yawo a jikinsa.

Bai daɗe da zuwa ba ya ce, "'Yar nan, ki je ki roƙa mini matar nan mai kula da gidan tsofaffi. Ko ɗakin ajiye tsintsiya ne su ba ni."

Na je. Ta ce da tana da iko da yau ya dawo, amma tun makon da ya fita aka ba wani ɗakin. Za ta sa shi cikin masu jira, sai dai council za ta ga yana da 'yan'uwa masu kula da shi, kuma waɗanda ba su da kowa su ne a gaba. Ta ce kafin nan ya riƙa zuwa ziyara. Maigida da ya ji ya ce kada maganar ta kai kunnen Alhaji, zai ga an watsa masa ƙasa a ido. Na ce ta kai mana, shi ya haife shi?

Na raka Baba ziyarar farko, da yaro a kekensa. Aka yi murna, tsohuwar nan ta rungume shi ta yi masa faɗan mayafi. Filin lambunsa an ba wani ya shuka furanni. Kujerar gindin taga kuma wani tsohon Bature ne a kai, wanda Kwandasta ya koya wa dara a sabon kwali. Mutumin ya tashi ya ba Baba wuri kamar yadda ake yi wa baƙo. Suka buga, Kwandasta ya cinye shi, ya yi rawa, ya ce masa ɓarawo. Baba ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun kafin a ceto shi. Ana cikin haka aka kaɗa ƙararrawar abinci. Kowa ya miƙe ya nufi dogon teburin, kowa da kujerarsa. Kwandasta ya tsaya yana raba ido. Baba ya ɗauki hularsa ya ce mu tafi, yaro ya gaji. A hanya ina ta zagin Alhaji a zuciyata har muka iso ƙofa.

Duk da haka ya ci gaba da zuwa kullum da rana, ya fara maida jiki. Sai wani mai dogon baki ya kai wa Alhaji labari cewa ana ganin Baba yana komawa gidan gajiyayyu. Iyalinsa sun riga sun koma gida, flat ba kowa. Ya aiko mota. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ba inda za shi, maigida ya ce in shiga hankalina. Baba ya ce, "Bari, 'yar nan, kada a ji kanku saboda ni." Ya ɗauki akwatinsa ya shiga.

Sanyi ya kama sosai lokacin da matar gidan tsofaffin ta aiko in zo. Ta ce ɗaki ya samu, kuma ta yi ta faɗa da na sama har suka yarda a ba Baba. Na tambaye ta abin da na tambaya, ta ba ni amsa. Daga nan na wuce Marylebone. Na same shi a kujera yana fuskantar taga.

Na ce, "Baba, an samu ɗaki."

Ya miƙe da saurin da ban san yana da shi ba, ya laluba hularsa ya sa, har ya sunkuya zai jawo kwalin daga ƙarƙashin gado. Sai ya tsaya. Ya zauna a gidan tsofaffin shekaru, ya san hanyar da ɗaki ke samuwa a can.

Ya ce, "Ɗakin wa?"

Na ce, "Ɗaki ne mai kyau, Baba, yana kallon lambu."

Ya ce, "Na ƙasa, kusa da matakala?"

Ɗakin Kwandasta ke nan. Na ce eh. Ya koma ya zauna, ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Ya tambaye ni yaushe, na ce makon jiya, an riga an binne shi. Ya yi salati a hankali. Can ya ce, "Ki ce mata na gode. Ta ba wani."

Na roƙe shi, na ce ai akwai sauran mutane, akwai tsohuwar nan, akwai lambu in sanyi ya wuce. Ya ce haka ne, 'yar nan. Shi ma ya koyi amsar.

Bai ga ƙarshen sanyin ba. Matar da ke da girki ranar ta hau da kwanuka ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta hango shi a kujera ya ba ta baya, ta ɗauka lazimi yake yi ko gyangyaɗi. Yarinya ce mai tarbiyya, ba za ta katse dattijo ba. Ta durƙusa ta ajiye abincin a bakin ƙofa, ta ce, "Baba ga abinci," ta ja ƙofa a hankali don kada ta dame shi. Mai girkin washegari ce ta tarar da kwanukan jiya a rufe, miya ta daskare.

A flat ɗin aka yi zaman makoki. Alhaji ya taso takanas daga Kano, ya yanka rago. Muna kicin muna juye shinkafa na jiyo muryarsa daga falo yana cewa Allah ya rufa mana asiri, tsohonmu bai mutu a hannun baƙi ba, a cikin nasa ya cika, cikin mutunci. Ya ce Allah ya sa mu ma mu samu masu yi mana haka. Falon gaba ɗaya ya amsa da amin, kuma na tsinci muryar maigidana a ciki.